Robar da Ba Ta Turje wa Lantarki: Ko Ya Dace Ɗalibanmu Su Shiga Wannan Farauta?

A ƙarshen watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani abu da suka raɗa wa suna LK-99, wai lantarki na ratsa shi ba tare da asarar komai ba, kuma a zafin ɗaki. Ba a daɗe ba labarin ya iso wayoyin mutanen Sakkwato, tare da hoton bidiyo na wani ɗan guntun dutse mai duhu da ya ɗaga gefe guda a kan maganaɗisu. Aka yi ta tura shi a WhatsApp, ana cewa wahalar wuta ta kusa zama tarihi. Kafin watan Agusta ya fita, ɗakunan gwaji a Sin da Jamus da Amurka da Indiya sun haɗa nasu, sun auna, sun ga ba haka ba ne. Wani gurɓataccen haɗin jan ƙarfe da farar wuta da ya saje a ciki shi ne ya ruɗi masu binciken. Waɗanda suka tura mana labarin farko ba su dawo da na biyu ba.

Tun daga lokacin nake jin mutane iri biyu a kan wannan magana. Akwai masu jiran wani abin al'ajabi ya faɗo daga ƙasar waje ya gyara mana wuta. Akwai kuma masu cewa duk ɗalibin jami'ar da ya sa kansa a irin wannan bincike yana ɓata kuɗin iyayensa ne, a garin da rijiya ke ƙafewa a bazara. Ina ganin duka biyun sun kauce. Ra'ayina shi ne ya kamata a bar ɗalibanmu na ilimin sinadarai su shiga wannan fage, har a ware musu ɗan kaso na kuɗin bincike, amma kada kowa ya yi mana alkawarin wuta da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai cajin waya a Tsohuwar Kasuwa ya san abin da ake nufi da turjiya, ko da bai san sunanta ba. Ga soket a jere a kan allo, ga wayoyi sun cuɗe, ka kai hannu ka ji kan caja ya ɗauki zafi, wani lokacin har ƙaurin roba ke tashi. Wannan zafin lantarki ne da aka biya kuɗinsa amma bai isa inda aka aike shi ba, ya ƙone a hanya. Jan ƙarfe ma, da ake taƙama da shi, yana cin nasa rabon. A 1911 wani masani ɗan ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam, sai ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungurungum. Ba raguwa ta yi ba, ɓacewa ta yi. Irin wannan abu ake kira sufakwandakta. Idan aka yi zobe da shi aka saki lantarki a ciki, zai yi ta zagayawa ba batir ba janareta, muddin sanyin bai gushe ba. A 1933 aka ƙara gano cewa yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa, shi ya sa ake ganin maganaɗisu na reto a samansa.

Sanyin shi ne matsalar. Masana na ƙirga shi da ma'aunin Kelbin, wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A wannan ma'auni zaibar Onnes tana kan 4. Ranar watan Afrilu a Sakkwato da ta kai digiri 43, tana kan 316. Tsakanin 4 da 316 aka yi sama da shekara ɗari ana tafiya. A 1986 Bednorz da Müller, a ɗakin binciken IBM da ke Zurich, suka samo wani haɗi mai kama da tangaran da ya kai wajen 35. Shekara guda bayan haka aka kai 93 a Amurka, wato an haye 77, sanyin ruwan naitirojin, wanda ya fi hiliyam araha nesa ba kusa ba. Irinsa ne likitocin dabbobi ke adana irin bijimai a ciki. A 2015 a Mainz ta Jamus aka kai 203 da haɗin haidirojin da farar wuta, sai dai sai an matse shi tsakanin lu'ulu'u biyu da matsin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau miliyan. Ba abin da za a rataya a turken wuta ba ne. Kuma in Bature ya ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 yake nufi. Bai taɓa kwana a ɗakin kwano a Mabera cikin bazara ba.

To ina roba ta shigo? Ai roba ita muke naɗe waya da ita, don ba ta barin wuta ta wuce. Mai gyaran wuta ya haɗa waya biyu, ya ciji baƙin salatif da haƙori, ya nannaɗe, ya ce an gama. Amma a 1964 wani malami a Jami'ar Stanford, William Little, ya fito da shawarar da ta juya maganar. Kafin shi, a 1957, Bardeen da Cooper da Schrieffer sun bayyana yadda abin ke faruwa a cikin ƙarfe. Ƙwayoyin lantarki, wato elektiron, a al'adarsu korar juna suke yi. Amma idan ɗaya ta wuce ta tsakanin atam-atam na ƙarfen, sai ta ɗan janyo su wajenta; kafin su koma mazauninsu, wata elektiron ta hango wurin ta biyo. Da haka sai su ƙullu bibbiyu, kuma waɗannan tagwaye su ne ke tafiya ba tuntuɓe. Atam abu ne mai nauyi, motsinsa na da nawa, ƙullin da yake yi ba shi da ƙarfi, zafi kaɗan ke kwance shi. Little ya ce: to me zai hana a ba wani abu marar nauyi wannan aikin dillanci? Elektiron ta fi atam sauƙi sau dubbai. A gina doguwar sarƙar kabon da lantarki zai bi, a rataya mata rassa a gefe na irin sinadaran rini, waɗanda elektiron ɗinsu ke saurin karkata nan da can. Su za su ƙulla tagwayen. Lissafinsa ya nuna abin zai iya jure zafin da ya wuce na ɗaki da tazara mai yawa.

Abin da ya sa wannan shawara ta kama zukatan masana sinadarai shi ne ta mayar da neman sa'a ya zama gini. Mai neman sufakwandakta a cikin ƙarafa yana gauraya yana gasawa yana addu'a. Mai aiki da kabon kuwa yana iya zana abin da yake so a takarda, ya cire wannan reshe ya dasa wancan, ya tsawaita nan ya gajarta can.

Sai dai shekara sittin ke nan ba wanda ya gina abin da Little ya zana har ya yi aiki. Dalilan sun cancanci a tsaya a kansu, don a nan ilimin yake. Polima, wato dangin roba da leda, kamar carbi take: ƙwaya iri ɗaya a jere a zare guda. Lantarkin da ke bin zare guda ba shi da hanyar ratse. Ƙwaya ɗaya ta fashe ko ta zauna a karkace, tafiya ta tsaya. A cikin dunƙulen ƙarfe kuwa sai ya kewaye. Na biyu ya fi wannan ciwo. Rudolf Peierls ya nuna cewa irin wannan jeri, idan aka sanyaya shi, ƙwayoyinsa ba sa yarda su zauna da tazara daidai wa daida. Sai su matsu biyu-biyu su bar giɓi a tsakani, kuma giɓin nan ya ishi ya mayar da abin da ke wuce da wuta ya koma mai tare ta. Wato sanyin da ake nema ya kawo sufakwandakta shi ne ke fara rufe hanyar. Haka ta faru a 1973 da wani gishirin kabon mai suna TTF-TCNQ: aka ga yana ƙara wuce da wuta yayin da ake sanyaya shi, har wasu suka fara murna, da aka sauka ƙasa da 60 sai ya toshe. Na uku, rassan nan na gefe dole su kusanci sarƙar ƙwarai kafin tasirinsu ya rinjayi ƙiyayyar da ke tsakanin elektiron biyu, kuma wurin ya yi ƙunci.

Daga nan tunanin sa ƙarfe a cikin sarƙar ya taso. A 1976 Little da abokan aikinsa biyu suka sake zane: ƙashin bayan ya zama jerin atam na filatinam, sinadaran rinin su kewaye shi. Wasu kuma suka bi shawarar masanin Rasha Vitaly Ginzburg, suka ce a bar zare a koma shimfiɗa, don a shimfiɗa lantarki na da wurin kaucewa. An samu nasarori, amma duk a can ƙasan ma'auni. A 1975 aka ga polimar farar wuta da naitirojin ta zama sufakwandakta, a ƙasa da digiri 1 na Kelbin. A 1980 Denis Jérôme a Faransa da Klaus Bechgaard ɗan Danmak suka ba da sanarwar sufakwandakta na farko na dangin kabon, shi ma bai cika 1 ba, kuma sai da matsi. Danginsa na baya sun kai 12 ko 13. Ƙwallayen kabon masu atam 60, da aka cusa musu fotashiyam a 1991, sun kai 18, daga baya da siziyam da matsi aka kai 38. A 2018 masana a Beijin suka haɗa shimfiɗaɗɗiyar polima ta jan ƙarfe da zoben kabon mai hannuwan farar wuta shida. Ta zama sufakwandakta, amma a kashi ɗaya cikin huɗu na digiri guda. Kuma babu ɗaya cikinsu da aka tabbatar yana aiki ta hanyar da Little ya faɗa.

Wanda ya karanta wannan jeri zai ce ai magana ta ƙare, a tattara a koma gona. Kusan haka mijin ƙanwata ya ce mini, ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa, lokacin da ɗansa da ke digiri na biyu ya zo da taken bincike a kan polima mai ɗauke da ƙarfe. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini. "Malam, kai da ka san boko, gaya min tsakani da Allah, wanga abu wuta za shi kawo muna ko ruwa?" Na ce, "Alhaji, ko ɗaya." Ya ce to shi bai ga dalilin da zai sayar da buhu ya biya kuɗin makaranta ba. Yaron na tsugune a gefe, bai ce uffan ba.

Tambayar Alhaji ba ta wauta ba ce, kuma amsar da na ba shi gaskiya ce. Ko da gobe aka wayi gari da wayar da ba ta asarar komai, ba ita ce ciwonmu ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. Tashoshi na kukan gas, bashi ya yi katutu tsakanin masu samarwa da masu rabawa, taransifoma sun tsufa, gidaje da yawa ba mita. Zafin da waya ke ci wani yanki ne kawai na wannan asara. Duk malamin da ya je neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da cewa bincikensa na sufakwandakta zai haskaka Gwadabawa da Tangaza, yaudara yake yi, kuma ranar da aka gane, ba shi kaɗai za a daina yarda da shi ba.

Hujjata tana wani wuri dabam: abin da masu wannan farauta suka tsinta a hanya. A Japan, a ɗakin gwajin da Hideki Shirakawa ke aiki, wani baƙon mai bincike ya zuba sinadarin da ke hanzarta haɗi fiye da ƙima, kusan ninki dubu. Maimakon baƙin garin da aka saba samu, sai wata fata mai ƙyalli kamar azurfa ta kwanta a jikin kwalbar. Shirakawa bai zubar ba. A 1977 shi da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka turara wa fatar nan hayaƙin aidin, ƙarfin wuce da wutarta ya ninka sau miliyoyi. Heeger na cikin waɗanda suka sha kunya a kan gishirin 1973. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2000. Ba su samu sufakwandakta ba, sun samu robar da ke wuce da wuta, kuma yau tana cikin ƙananan kayan adana caji na kwamfutoci, tana cikin fentin da ke hana wuta taruwa a jikin kaya, ana yin faifan sola mai lanƙwasuwa da danginta, ana yin na'urorin gano sinadarai. Ɗalibin da ya koyi yadda ake ɗaura ƙarfe a jikin sarƙar kabon, ya auna yadda take wuce da wuta, ya koyi sana'ar da ake nema a harkar batir, da sola, da tace ruwa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Irin waɗannan hannuwa take buƙata. Kuma garin da majemansa suka daɗe suna sarrafa fatar jar akuya da bagaruwa ba baƙo ba ne ga aikin sinadaran tsiro.

Na san za a ce to a koya musu batir da sola kai tsaye mana, me ya kawo kewaye-kewaye? Galibinsu haka ya kamata a yi, ban musa ba. Amma sashen da kowa a cikinsa ke maimaita gwajin da aka yi a wani wuri shekara ashirin da suka wuce, ana sauya sunan ganye kawai, ba ya haifar da mai tambaya. Kowa ya san irin kundayen da nake nufi. Tambaya mai wuya ita ke tilasta wa yaro ya karanta lissafin da yake gudu. Wannan ba baƙon hali ba ne a garin nan. Da Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya dawo Sakkwato a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin lissafin Uƙlidis da Larabci, Bello kuwa ya yi murna, ya ce gidansu na da kwafe amma gobara ta cinye shi. Mutumin da ke fama da yaƙi da gina garuruwa bai tambayi ko littafin zai kawo ruwa ba.

Akwai kuma sauyin da ya rage mana tazara. Yanzu ana fara wannan aiki ne a kwamfuta. Haɗin nan na 2015 da ya kai 203, masana a Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin sun riga sun hango shi da lissafi a 2014. Manhajojin da ake irin wannan lissafi da su, kamar Quantum ESPRESSO, kyauta ne. Cibiyar da masanin kimiyya ɗan Pakistan, Abdus Salam, ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 ta daɗe tana horar da 'yan Afirka a kansu. Gaskiya ne lissafin ya fi dacewa da hanyar girgizar atam da Bardeen da abokansa suka bayyana, hanyar Little ta fi shi taurin kai. Amma ko a tantance sarƙoƙi ɗari a nuna waɗanda giɓin Peierls zai toshe, aiki ne da duniya ke karanta shi. Abin da wannan ke buƙata ɗaki ne, da kwamfutoci masu ɗan ƙarfi, da sola da batir don kada a ɗauke wuta lissafin kwana uku ya tashi a banza, da intanet mai tafiya.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen sanarwa. Wannan fage yana da tarihin jan mutane zuwa ƙarya, har a manyan wurare. A 2001 Jan Hendrik Schön na ɗakin binciken Bell a Amurka ya wallafa cewa ya mayar da wata polima sufakwandakta. A 2002 kwamitin bincike ya gano yana ƙirƙirar sakamako, har zane ɗaya yake maimaitawa a takardu daban-daban, aka sallame shi aka janye takardun. Ranga Dias, a lokacin yana Jami'ar Rochester ta Amurka, ya yi iƙirarin zafin ɗaki sau biyu, a 2020 da 2023, mujallar Nature ta janye duka biyun. Idan haka ta faru inda ake da masu bin diddigi, ina ga inda ƙarin girma ke tafiya da yawan takardu, ga mujallun da ke buga komai in an biya, ga kuma ɗan jaridar da zai ɗauki "ɗan Arewa ya girgiza duniya" ya yaɗa kafin magariba? Faɗuwar turjiya kaɗai ba hujja ba ce. Waya ta taɓa waya a cikin na'ura ma tana ba da sifiri. Sai an nuna korar maganaɗisu, sai kuma wani ɗakin gwaji da ba ruwansa da kai ya haɗa abin da kansa ya ga abin da ka gani. Awon da ake yi a sanyin hiliyam yana da tsada, injin MRI na asibiti ma da shi yake rayuwa kuma kowa ya san kuɗinsa. Don haka duk sashen da zai shiga wannan aiki, tun kafin ya karɓi ɗalibi ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani ɗakin gwaji mai na'urar, a gida ko a waje, inda za a aika samfur. Wanda bai da inda zai auna, ya tsaya a lissafi da haɗawa, ya rubuta abin da ya gani kawai.

Yaron nan da kansa ya zo mini daga baya. "Kawu, malamina ya ce in cire kalmar sufakwandakta daga taken, in bar ta a babin ƙarshe a matsayin tambaya." Na ce malaminka ya san abin da yake yi. Yanzu aikinsa shi ne ya haɗa polima mai jan ƙarfe, ya matse garinta ta zama ɗan faifai kamar kwabo, ya ɗora mata allurai huɗu, ya auna yadda take wuce da wuta daga sanyin ƙanƙara zuwa zafin tafasar ruwa, sannan ya gwada da abin da kwamfuta ta hango. Alhaji ya biya kuɗin zangon, da sharaɗin a riƙa zuwa taya shi lissafin buhuna ranar kasuwar Achida.